Tsanin alminiyam ya lanƙwashe a gefen walda, wa ya san dalili?

Mai Walda Birnin Kebbi: Slm jama'a, barkanmu da yamma. Don Allah masana ku taimaka, wani abu ya ɗaure min kai. Wani mai gyaran wayar wuta ya kawo min tsaninshi na alminiyam irin mai zugewa ɗin nan, ƙafa ɗaya ta tsage, na yi mishi walda da injin agon, aiki ya fito tsaf ba rami ba komai. Sai ga shi ya dawo da tsanin, waldar na nan daram ko gezau, amma gefenta kamar inci ɗaya ƙafar ta lanƙwashe, wurin da ko taɓa shi ban yi ba. Shi yana cewa na ɓata mishi kaya, ni kuma ina cewa ga aikina nan bai karye ba. To mi ya jawo haka?

Ɗan Kabu-kabu: Oga ƙila mutumin ne ya yi nauyi hhh

Mai Walda Birnin Kebbi: Kai dai ba ka rabo da wasa, siriri ne wlh

Baba Maƙeri Argungu: Wa alaikumussalam. Yaro na ka rubuta min. Ɗana, wutar walda ce tak kashe ƙarhen, kuma maganin abin sananne na tun kakanni. Ka gasa wurin shi yi zahi ƙwarai ka tsoma ruwa, shi koma da tauri nai. Hakanan mu ka yi ma gatari da lauje da wuƙa, ba yau munka fara ba.

Malamin Poli: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Rabin farko na maganarka daidai ne, wuta ce ta kashe shi. Amma rabi na biyun, da girmamawa, a kan baƙin ƙarfe yake aiki. Gatari in ya yi ja ka tsoma shi a ruwa, nan take ya yi tauri har ya iya tsagewa, saboda gawayin da ke cikin jikin ƙarfen ya maƙale bai samu fita ba. Alminiyam irin na tsanin nan in ka gasa ka tsoma a ruwa, a wannan lokacin ma da laushinsa yake, da hannu sai ka lanƙwasa siririnsa. Taurinsa daga baya yake zuwa, sai ya kwana, wani kwana huɗu wani kuma sai an sake ɗumama shi a wuta mara ƙarfi na awoyi.

Baba Maƙeri Argungu: Ƙarhe shi kwana shi yi tauri? Malam wanga zance sai ku 'yan boko

Malamin Poli: Hhh Baba ai wanda ya fara gani ma bai yarda ba. Wani Bajamushe ne mai suna Alfred Wilm, a 1906, a wani ɗakin gwaji kusa da Berlin. Shi ma tunaninka ya yi, yana son ya taurara alminiyam kamar yadda ake wa baƙin ƙarfe, ya haɗa shi da jan ƙarfe kamar kashi 4 cikin ɗari da ɗan magniziyam, ya gasa ya tsoma a ruwa ya auna, ba wani tauri. Aka tashi hutun ƙarshen mako aka bar ƙarfen a ajiye, da aka dawo aka sake aunawa sai aka tarar ya yi tauri sosai alhali ba wanda ya taɓa shi. Daga nan aka samu abin da ake kira duralumin, wani kamfani a garin Düren ya riƙa yinsa, da shi aka yi ƙashin jiragen Zeppelin da jiragen Junkers na farko-farko. Abin mamakin shi ne an yi shekaru ana tashi sama da shi ba a san dalilin taurin ba, sai a 1919 wasu masu bincike a Amurka, Merica da abokan aikinsa, suka kawo bayanin da ya kama hankali, ganin abin da ido na na'ura kuwa sai 1938 da Guinier a Faransa da Preston a Ingila kowa ya gano nasa daban da hoton eksire.

Ɗalibi Aliero: Sir mun yi wannan a aji, abin da suka gani ɗin su ne GP zon, masu sunan Guinier da Preston, ko?

Malamin Poli: Su ne. Tunda ka yi a aji to bayyana wa Baba da Hausa mu ji.

Ɗalibi Aliero: Ah sir 😅 wato dai atom ɗin jan ƙarfe ne ke taruwa... ku ci gaba sir ina biye

Malamin Poli: To ka gani. Bari in gwada. Kowa a nan ya san zuma, ka saye ta garau tana zuba, ka ajiye ta 'yan watanni sai ka ga ta yi tsaki-tsaki a gindin kwalba, mutane su ce an cuce su an haɗa da suga alhali sau da yawa zumar ce ta gaskiya, sugan da ke jikinta ne ya fi ƙarfin ruwan da ke riƙe da shi shi ya sa yake fitowa a hankali. Alminiyam haka yake da jan ƙarfe. Da zafi sosai, wajen digiri 548, yana iya shanye jan ƙarfe har kashi 5 da rabi da ɗoriya cikin ɗari, ya narke a jikinsa alhali shi bai zama ruwa ba, yana nan sandararre. A yanayin da muke zaune kuwa ko rabin kashi ɗaya ba ya iya riƙewa. To in ka gasa ya shanye, ka tsoma a ruwa farat ɗaya, jan ƙarfen bai samu lokacin fita ba, ya maƙale a ciki fiye da kima. Sai ya riƙa fitowa a hankali yana taruwa ƙanana-ƙanana, ƙanƙantar da ko madubin asibiti ba ya nunawa, ka raba milimita ɗaya gida miliyan ka ɗauki kamar goma, faɗin guda ke nan. Shi kuma ƙarfe in zai lanƙwashe, jerin ƙwayoyin jikinsa ne ke zamewa a kan juna, waɗannan 'yan tarin da suka bazu ko'ina su ke tare zamewar. In sun yi yawa kuma suna kusa da juna, ƙarfe ya yi tauri. Shi ke nan sirrin.

Hajiya Mai Tukwane Jega: Malam sannu da ƙoƙari, amma ni zuma da sanyin hunturu na san tana daskarewa, in an sa ta a rana ta narke. Kenan alminiyam ma a firji za a sa shi ya yi tauri?

Malamin Poli: Hajiya kin kama ni a daidai inda misalin ya ƙare. A alminiyam sanyi tsayar da abin yake, don ƙwayoyin suna buƙatar ɗumi kafin su iya motsawa cikin sandararren ƙarfe. Shi ya sa masu ƙera jirgin sama suke da wata irin ƙusa ta ribit, ta alminiyam mai lamba 2024 ko 2017, bayan an gasa an tsoma a ruwa sai a zuba ta a firiza don ta zauna da laushinta, in za a buga sai a fito da ita a buga da wuri, ta yi taurinta a jikin jirgin. In aka bar ta a waje ta kwana ta taurare, ana bugawa kanta zai tsage.

Ɗan Kabu-kabu: Da a Kebbi ake ƙera jirgi da wannan wutar tamu da ƙusa ta lalace kaf 😂

Mai Walda Birnin Kebbi: Malam na gode amma har yanzu ba a zo kan tsanina ba fa

Injiniya Yauri: Bari in karɓi Malam ya sha ruwa. Yawancin tsani da bututu da ƙarafan taga na alminiyam dangin 6000 ne, 6061 ko 6063, su magniziyam da silikon ne a cikinsu maimakon jan ƙarfe mai yawa, amma hanyar ɗaya ce. Ɗauki 6061, a masana'anta ana gasa shi wajen digiri 530, a tsoma a ruwa, sannan a mayar da shi tanda mai digiri 175 na kamar awa 8, ko 160 na awa 18. In ka ga an rubuta T6 a jiki to wannan aikin aka yi masa. Mai T6 yana ɗaukar ja har wajen megafaskal 310 (ma'aunin ƙarfin ja ke nan) kafin ya tsinke, kuma sai ya kai wajen 275 kafin ya fara lanƙwasar da ba ta dawowa. Wanda aka kashe wa tauri gaba ɗaya kuwa 125 ne, kuma tun daga wajen 55 yake fara ba da kai. Ƙarfe ɗaya ne fa, nauyi ɗaya, kala ɗaya, ido ba ya bambancewa.

Yanzu kai da ka kunna agon, tsakiyar waldar ta wuce digiri 660 tunda ta narke, kuma ka cika ta da waya ta yi kauri fiye da jikin tsanin. Gefenta kuwa bai narke ba amma ya sha 250, 300, 400, kuma alminiyam yana jan zafi da sauri fiye da baƙin ƙarfe nesa ba kusa ba. A wannan zafin 'yan ƙananan tarin nan da Malam ya faɗa sai su haɗe su zama manya 'yan kaɗan, tazara ta buɗe a tsakaninsu, zamewa ta samu hanya. Masu lissafin gini ma ƙa'idarsu ita ce su ɗauka inci ɗaya kowane gefe na walda ya yi laushi, kuma 6061 T6 da aka yi wa walda suna lissafa shi a wajen 165 ne kawai. Inci ɗayan da ka faɗa shi ne wannan.

Mai Walda Birnin Kebbi: Ikon Allah. Kenan mai tsanin yana da gaskiya?

Injiniya Yauri: Ku duka kuna da ita. Waldarka ba ta da laifi, amma ƙafar tsani ba wurin walda ba ce tun farko. Ka duba tsanin da kyau, za ka ga matakan ma ribit ne ko matsewa aka yi, masu yinsa sun guje wa wuta da gangan.

Makanike Kamba: To ni nan ne ban yarda ba. Injiniya kullum muna miƙe rim na aloi da wuta, mota ta faɗa rami rim ya lotsa, a hura masa gas a buga ya dawo, kuma motocin nan suna ta zirga-zirga har Dole-Kaina da Gaya ba abin da ya same su. In da maganarku haka take da rim ya ƙare a hanya.

Injiniya Yauri: Oga Makanike rim ɗin aloi yawanci zubi ne na wani haɗi da ake kira A356, silikon kashi 7 da ɗan magniziyam, kuma shi ma T6 ake masa, a gasa wajen 540 na awoyi, a tsoma, a ɗumama wajen 155. Da ka hura masa gas ka kashe taurin wannan gefen, shi ya sa ma yake miƙuwa da sauƙi. Ba lallai ya fashe gobe ba don masu yinsa sun bar rara, amma ka faɗa min gaskiya, rim ɗin da kuka miƙe in ya sake faɗawa rami a ina yake lotsawa?

Makanike Kamba: A wurin dai, amma ai don wurin ya taɓa bugawa ne

Injiniya Yauri: To ai maganar ke nan

Makanike Kamba: A'a ba ita ba ce. Kai kana magana daga littafi, ni ina magana da mai mota da ba shi da kuɗin sabon rim kuma fasinja na jiranshi a tasha. In na ce mishi jeka sayo sabo, gaba zai yi wurin wani ya miƙe mishi ko da itace ne, gara ni da na san kada in wuce kima

Malamin Poli: Oga wannan uzuri ne na gaskiya, ba wanda ya raina shi. Matsalar ita ce kimar. Baƙin ƙarfe yana gaya maka zafinsa, ya yi ja ya yi ruwan lemo, Baba zai iya karanta shi da ido ko cikin dare. Alminiyam ba ya ja, yana nan fari fat har ya zube a ƙasa. To da me kake auna kimar?

Makanike Kamba: Sabulu. Ina goga sabulun wanki a wurin, in ya yi baƙi na ɗauke wuta

Malamin Poli: Dabara ce tsohuwa kuma tana aiki, amma sabulu yana baƙi ne wajen digiri 400, wato daidai zafin da ake amfani da shi in ana son a kashe taurin alminiyam gaba ɗaya. Masu ƙera kwano da masu lanƙwasa faranti don haka suke shafa shi. Kenan kana auna daidai, sai dai abin da kake aunawa shi ne mutuwar T6 ɗin. Ni dai in rim na gaba ne, ko kuma akwai tsagewa ko 'yar ƙarama, ba zan sa iyalina a motar ba. Lotsawa kaɗan a leɓen rim, a matse ta da jak a hankali da ɗumin da hannu zai iya kusanta, wannan da sauƙi.

Baba Maƙeri Argungu: Ni dai abin da nij ji, ku ma kuna tsomawa ruwa. Ashe ban yi ƙarya ba

Malamin Poli: Ko kaɗan Baba, mataki biyu ka faɗa cikin uku, na ukun ne kwanan.

Mai Walda Birnin Kebbi: To tunda haka ne mi zai hana in yi ukun da kaina? Akwai gidan burodi kusa da shagona

Injiniya Yauri: Hhh mataki na uku kam tandar burodi za ta iya in ana iya tsayar da ita a 175 na awa 8 ba hawa ba sauka, kuma ko shi kaɗai aka yi bayan walda yana dawo da wani abu, ba duka ba. Na farkon ne aiki. Dole dukan ƙarfen ya kai 530 ko'ina daidai, ba gefe ɗaya ba, kuma daga tanda zuwa ruwa 'yan daƙiƙu ne, in ka tsaya neman awartaki ya huce a iska an yi asara. Sannan dogon abu siriri irin tsani in ya faɗa ruwa da wannan zafin murɗewa zai yi sai an sake miƙe shi. Wani haɗin ma ba ya yafiya ko kaɗan, 2024 na jirgi ana gasa shi wajen 495, da ya haura 500 kaɗan sai wasu wurare a cikinsa su fara narkewa, kuma in hakan ta faru ya tashi aiki har abada. Da gawayi da zugazugi ba mai iya riƙe tazarar digiri goma. Shawarata ka yanke wurin, ka samo wani guntun alminiyam mai kauri ka ɗora ta ciki ya wuce wurin laushin sosai sama da ƙasa, ka ɗaure da ƙusoshi masu noti. In kuwa tsagewar ta yi yawa ka gaya masa ya haƙura, mutum ne mai hawa kusa da wayar wuta.

Ɗalibi Aliero: Sir tambaya, zafin Kebbi na watan Afrilu da ke wuce 40, ba zai sa tagogin alminiyam su wuce kima su yi laushi da shekaru ba?

Malamin Poli: Tambaya mai kyau. A'a, ko ƙarfen ya sha rana ya kai 70 ko 80 wannan bai isa ya motsa 6063 ba, sai an haura 100 da wani abu na dogon lokaci ake fara damuwa. Amma tunaninka a kan hanya yake, don shi ne ya ƙayyade gudun jirgin Concorde na Ingila da Faransa. Jikinsa alminiyam ne, kafin ya daina tashi a 2003 gogar iska kan ɗumama hancinsa har digiri 127, shi ya sa aka tsayar da shi a kusan ninki biyu na gudun sauti, in ya wuce haka ƙarfen zai riƙa rasa ƙarfi da tafiyar shekaru. Kuma wani lokacin da gangan ake wuce kimar. 7075 mai tutiya, wanda kamfanin Alcoa na Amurka ya fitar a 1943 bayan Japanawa sun riga sun yi irinsa sun sa a jirgin yaƙinsu Zero, a T6 yana kai wajen 570, amma yana da halin tsagewa in ga danshi ga nauyi a kansa. Sai aka fito da T73, a ƙara masa wuta ya ɗan wuce ganiya, a rasa wani kaso na ƙarfin a samu kwanciyar hankali. Mai Walda, 7075 da 2024 kada ma ka kusance su da agon, waldar da kanta ke tsagewa tana hucewa.

Hajiya Mai Tukwane Jega: To mu tukwanenmu fa? Masu zuba min suna narka fistin da gwangwanin lemo da tsofaffin tagogi duk a haɗe, a zuba a ƙasa. Wata tukunyar ta fito da ƙarfi wata kuma ta faɗi ta fashe, su ce min sa'a ce.

Injiniya Yauri: Hajiya ba sa'a ba ce, haɗi ne. Fistin yana da silikon wajen kashi 12, shi ke sa narkakken ya gudu ya cika ƙasa da kyau, shi ya sa masu zubi ke rububinsa, amma in ya yi yawa ga kuma baƙin ƙarfe ya shiga daga ƙusoshi da zoben fistin da tukunyar narkawar kanta, sai abin ya yi gautsi. Gwangwani kuwa dangin 3000 ne, murfinsa 5000, su wuta da kwana ba sa ƙara musu komai, taurinsu daga matsa da birgima a inji yake zuwa, haka ma yawancin kwanon rufi na alminiyam. Tukunya ba ta buƙatar T6, ko an yi mata ma murhu zai cinye shi a girkin farko. Abin da zan roƙe ki shi ne ki sa ido kada dalma ta shiga cikin tarkacen, irin ta batir da ɗan ƙarfen daidaita taya da ake maƙalawa a rim da abin like lagireto. Ba mu manta da 2010 ba a Zamfara, Bagega da ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara ɗaruruwa suka rasu, can daga niƙan dutsen zinari ne ba tukunya ba, amma gubar ɗaya ce, kuma miya mai tsami irin ta yakuwa ko tumatir tana jawo ta daga jikin tukunya.

Hajiya Mai Tukwane Jega: Innalillahi. Batir kam ba sa sawa don daban ake sayensa, amma lagireto na sha gani a cikin buhu. Gobe in Allah ya kai mu zan je wurinsu da kaina.

Makanike Kamba: Injiniya ni fa ban sauka ba kan maganar rim. Akwai wanda na miƙe yana nan a motar wani maƙwabcina, da wanda ba a taɓa ba, duk iri ɗaya. Ka faɗi yadda za a gwada a gani ba lissafi ba

Injiniya Yauri: Da sauƙi. Samo ƙwallon boris guda, ka ɗora a bayan rim inda ba ya nunawa, ka saki guduma ɗaya daga tsawo ɗaya a kansa, sau ɗaya a wurin da ka gasa sau ɗaya a ɗaya gefen da wuta ba ta kai ba, sai ka auna faɗin ramin biyu da baniya. Ka kankare fenti tukuna, kuma wuraren biyu su zama kaurinsu ɗaya.

Makanike Kamba: Zan yi ranar Asabar in turo hoto nan kowa ya gani

Ɗan Kabu-kabu: A sanar da maƙwabcin tukuna dai kafin a fara dukan rim ɗinshi